Tsohuwar Mercedes ko sabuwa ƴar Sin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, nan Damagaram, kuma ina yawan zirga-zirga Magarya da Matamai. Dillali ya kawo mini Mercedes ML ta 2010 da ta shigo ta Lome. Ƙanena ya ce gara in ƙara kuɗi in sayi sabuwa ƴar Sin, wai ya ji a rediyo manyan motocin ma kamfanoninsu na janye su saboda lahani. Gaskiya ne? Wacce zan ɗauka?
Daga wani Alhaji, unguwar Zango

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a abin da ka tara.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba, kuma maganar ta faɗo daidai kan motar da aka kawo maka. A watan Yuni na 2022 kamfanin Mercedes ya yi kiran a maido motoci kusan miliyan ɗaya, ML da GL da R-Class da aka ƙera daga 2004 zuwa 2015, saboda danshi na sa tsatsa ta ci na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi. In ta ci sosai, direba zai taka birki motar ta ƙi tsayawa yadda ya saba. Ga kuma jakar iskar kamfanin Takata, wato jakar da ke kumbura ta kare direba in an yi haɗari, wadda aka saka wa Honda da Toyota da BMW da Mercedes da wasu. Zafi da danshi na ɓata sinadarin da ke hura ta, sai ta fashe ta watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe a fuska. Ta kashe mutane, kamfanin kansa ya karye a 2017. Ka tuna zafin bazararmu.

Abin da ke damuna shi ne wannan. A Jamus ko Amurka takarda ake aika wa mai mota har gida, ya kai a gyara masa kyauta. Motar da ta hau jirgin ruwa ta sauka Lome, ta ratso Burkina har ta iso mana, babu takardar da za ta biyo ta. Dillalin ma, bawan Allah, sau da yawa bai sani ba.

Don haka kada ka ba da ko kuɗin kafin alƙalami sai ka kwafi lambar shasi, haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. Ka tabbata ta yi daidai da ta takardu. In daga Amurka motar ta fito, wani yaro ya shigar maka da lambar a shafin intanet na NHTSA, hukumar Amurka mai kula da kiyaye haɗarin mota, za ka ga ko akwai gyaran da ba a yi ba. Sannan bakanikenka, ba na dillali ba, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya duba laka da tsatsa da warin danshi, don motocin da ambaliya ta ci ana gwanjonsu su taho nan.

Motocin Sin ban raina su ba. Tun 2023 Sin ta sha gaban Japan wajen fitar da motoci, kuma Chery da Geely da Changan sun yi nisa. Amma tambayi mai sayarwa: in fitila ta fashe ko famfon ruwa ya mutu, a ina zan samu, cikin kwana nawa? In ya fara kame-kame, ka san motar za ta yi wata a gareji tana shan ƙura.

Da ni ne mai bin hanyar Magarya, Toyota mai lafiya zan nema, RAV4 ko Corolla. Kowane bakanike a garin nan ya san cikinta, abin da aka rasa a nan kuma ana samo shi a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ita ma a duba lambarta, don Corolla na cikin waɗanda aka saka wa jakar Takata.