Shawarwari Ga Manoma: Daidaita Injin Shukar Masara Kafin Ruwa Ya Zauna

Wani manomi daga Kumo ya rubuto cewa bara ya sayi injin shuka na turawa da hannu, amma da masara ta tsiro sai ya ga wani wuri fili fetal, wani wuri kuma tsiro uku a rami ɗaya. Wanda ya sayar masa da injin ya ce laifin iri ne, don haka yana tambaya ko bana ya sayi iri mai tsada ya haɗa da takin feshi.

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Irin da ya mutu yana barin gurbi, amma ba ya sa uku su fito a rami ɗaya. Wannan aikin faranti ne, wato faifan nan mai ramuka da ke juyawa a gindin mazubin iri. Idan ramin ya fi ƙwayar girma sai ya ɗebi biyu ko uku, idan kuma ya yi mata kaɗan sai ya wuce babu komai, ko ya fasa ta. Kowace damina ina samun irin wannan wasiƙa, kuma abin da ke damuna shi ne yawancinmu da farantin da injin ya zo da shi muke shiga gona, sauran farantan kuwa suna cikin leda ba a taɓa kwance su ba. Babu takin feshin da zai fitar da masara a inda ƙwaya ba ta faɗa ba.

Ga yadda ake gwaji a tsakar gida. Ka zuba ainihin irin da za ka shuka, bayan an shafa masa magani ya bushe, domin magani yana canza yadda ƙwaya ke zamewa. Ka ɗora injin a kan turmi ko bulo yadda tayar da ke juya faranti ba za ta taɓa ƙasa ba, ka shimfiɗa buhu a ƙarƙashi. Ka zagaya tayar da igiya ka auna, ka ɗiga mata alama da alli, sannan ka juya ta sau 10 daidai saurin tafiyarka a gona. Misali, idan zagayen tayar mita 1.25 ne, juyi 10 ya zama mita 12.5, kuma idan kana son santimita 25 tsakanin tsiro da tsiro, ƙwaya 50 ya kamata ka ƙirga a kan buhun. In ka sami 70, ramin ya yi faɗi. In ka sami 35, ya yi ƙunci ko ya toshe. Ka duba har da fasassun ƙwayoyi, ka canza faranti ka sake, har sai lissafi ya zo kusa.

A nan dole in tsaya a kan iri. Masarar da aka ɗebo daga rumbu, aka murje zangarniya tun daga gindi har kai, ba girmanta ɗaya ba: na gindi manya ne masu dunƙule, na tsakiya masu faɗi, na kai kuma ƙanana. Babu farantin da zai dace da ukun a lokaci guda. Wanda zai shuka masarar gida da inji, ya karye gindi da kan zangarniya ya ɗauki na tsakiya, ya tankaɗe, ya tsince tsakuwa da ɓurɓushin totuwa. Ko irin SAMMAZ da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar ka sayo, ka sake gwaji duk lokacin da ka buɗe sabon nau'i. Ka kuma binne ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen yashi mako guda ka ƙirga waɗanda suka tsiro, ta haka ne za ka san ko wanda ya sayar maka da injin yana da gaskiya.

Gwajin gida ba ya wadatarwa, domin taya tana zamewa a ƙasa mai laushi. Ranar shuka ka tura injin taku 20, ka tsuguna ka tone layin da yatsa ka ga tazarar da idonka. Santimita 75 tsakanin layi da 25 tsakanin tsiro yana ba da tsiro kusan 53,000 a hekta, da iri kilo 20 zuwa 25.

Wani daga Billiri yana tambayar zurfi. Santimita 5 ya isa. A jigawa ka ɗan ƙara, a ƙasa mai yumɓu ka rage, kuma ka tabbata tayar baya tana danne ƙasa a kan ƙwayar.

Wani Alhaji daga Deba ya ce mai tarakta ya shuka masa hekta 5 kafin azahar, amma layukan sun fito da giɓi. Alhaji, gudu ne ya yi yawa. Idan tarakta ta wuce kilomita 6 ko 7 a awa, ramukan faranti ba sa samun cika, ƙwaya kuma tana tsalle a cikin bututu. Ka kasance a gonar da kanka, ka bi bayan injin a layukan farko, kuma a duba sarƙar da ke juya faranti ko ta saki.

Mai tambaya daga Dadin Kowa ko zai gauraya taki da iri a mazubi ɗaya: kada ka yi, taki yana ƙona tsiro, wurinsa kamar santimita 5 ne a gefen ƙwayar, kuma in an tashi aiki a wanke mazubinsa tun kafin tsatsa ta cinye shi.