Amsar tambayoyinku: marar galihu, rufin asiri da kango

Wata yarinya ta rubuto min daga Kassala ta ƙasar Sudan, ta ce tana rubuta labarin matasa irin na bin diddigi, wani yaro ne da yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya raba su da gidansu, suna kwana a ajin makaranta shi da mahaifiyarsa da ƙannensa, uban kuma ya ɓace ba labari sai wani makulli da ya bari a aljihun jallabiyarsa. Tambayarta: Malam, in kira yaron marar galihu?

A'a 'yata, kar ki kira shi haka. Marar galihu shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa, ba uwa ba dangi ba wanda zai ce nawa ne. Yaronki yana da uwa a kansa, muhalli ya rasa. Ki ce sun rasa matsuguni, in kuma a gidan dangi suka sauka ki ce suna raɓe, don raɓewa tana ɗauke da wannan nauyin na mutumin da ke cin abinci yana kallon fuskar masu gida.

Amma kalmar da nake so ki riƙe ita ce rufin asiri. Asiri daga Larabci ya zo, sirri, kuma in Bahaushe ya ce Allah ya rufa asiri ba wai yana ɓoye wani laifi ba ne, yana roƙon abin da zai ci ya sa sutura ba tare da maƙwabci ya san tukunyarsa ba ta hau wuta ba. To a ajin makaranta inda zani ɗaya aka rataya tsakanin iyali da iyali ina rufin asiri? Kowa na jin kukan ɗan kowa, kowa ya san wanda bai dafa komai ba yau. Ga shi kuma labarin bincike aikinsa kenan tona asiri, yaron na tonon na ubansa uwar na ta fama ta rufe na gidan. Wallahi in kika bi wannan zaren labarinki ya tsayu.

Ta kuma tambaya ko za ta sa "kowa ya bar gida, gida ya bar shi". Ki sa, amma a bakin wani tsoho mai gori, don karin maganar kan wanda ya yi watsi da gida da son ransa take, ba wanda harsashi ya kora ba. Mutanen garin Mai Wurno na Sudan ma kakanninsu bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903 suka taso daga ƙasar Hausa, ba yawon ganin gari ya kawo su bakin Nilu ba.

Wani kuma daga Gadarif yana son bambancin kango da kufai. Kango gini ne a tsaye ba kowa ciki, sau da yawa ba rufi, kufai kuwa wurin da mutane suka tashi gaba ɗaya sai alamar an taɓa zama. Gidan da aka kwashe ƙofofi da tagoginsa kango ne, in unguwar duka ta watse sannan a ce kufai.