Kun Tambaya, Mun Amsa: Chesterfield, Garin Kasuwa Mai Karkatacciyar Hasumiya

Hoton da muka buga a fitowar da ta gabata, na wata majami'a a ƙasar Ingila wadda hasumiyarta ta murɗe kuma ta karkata, ya jawo wasiƙu masu yawa. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, domin amsoshinsu sun ƙunshi yawancin abin da sauran masu karatu suka nemi sani game da garin Chesterfield, inda ginin yake.

TAMBAYA: Ƙanena ya samu aikin jinya a Chesterfield, kuma ya shaida mini cewa mutanen can suna kiran wurin garin kasuwa. Na ɗauka ƙauye ne, sai ya ce mini mutanensa sun haura dubu ɗari. Ta yaya wuri mai wannan yawan jama'a bai zama birni ba, kuma mene ne ya sa ake jingina shi ga kasuwa? (Daga wani mai karatu a Zariya)

AMSA: Malam, ƙanen naka bai yi ƙari ba. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2021 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Chesterfield tana da mutane fiye da 103,000, idan aka haɗa da garuruwan Staveley da Brimington da ke ƙarƙashinta. Sai dai a Birtaniya yawan jama'a ba ya mayar da gari birni, domin matsayin birni kyauta ce da sarki ko sarauniya ke bayarwa a rubuce. Saboda haka ne St Davids da ke yankin Wales, wanda mazaunansa ba su kai 2,000 ba, yake amsa sunan birni, alhali Northampton mai mutane fiye da 200,000 har yau gari ne.

Batun kasuwa kuwa tsohuwar doka ce ta haifar da shi. A zamanin da, babu wanda ke da ikon kafa kasuwa a Ingila sai da takardar izini daga sarki, saboda kuɗin rumfa da harajin kaya da tarar masu tauye mudu dukiya ce mai yawa, wadda sarakuna da masu ƙasa ba su wasa da ita. Garin da ya samu wannan takarda shi ne garin kasuwa, kuma doka ta kare shi daga kishiya: ba a yarda a buɗe wata kasuwar da za ta yi gogayya da shi ba a tazarar da ta gaza mil shida da kashi biyu bisa uku, wato gwargwadon nisan da manomi zai iya zuwa da ƙafa, ya ci kasuwa, ya koma gida kafin duhu. Chesterfield ta karɓi tata takardar daga Sarki John a shekarar 1204, ko da yake akwai bayanin kasuwa a wurin tun 1165.

Garin ya girmi kasuwar ƙwarai. Sojojin Rumawa sun kafa sansani a nan a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, a kan hanyar da ta ratsa yankin daga kudu zuwa arewa, kuma sunan Chesterfield kansa haɗi ne na kalmomi biyu na tsohon Ingilishi, ɗaya tana nufin sansanin Rumawa, ɗaya kuma fili. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, a babban kundin ƙidayar dukiya da aka rubuta wa Sarki William a 1086, Chesterfield ƙaramin ƙauye ne a ƙarƙashin Newbold. A yau Newbold unguwa ce kawai a cikin Chesterfield, kuma kasuwa ce ta juya lamarin.

Dalilin da ya sa kasuwar ta yi albarka yana cikin yanayin ƙasar. Garin yana arewa maso gabashin lardin Derbyshire, kimanin kilomita 18 kudu da Sheffield da kilomita 39 arewa da Derby, a inda kogin Hipper ya haɗu da kogin Rother. Daga yamma akwai tuddan yankin Peak, ƙasa mai duwatsu da sanyi wadda ba ta karɓi noma sosai ba, amma tana da tumaki da darma a ƙarƙashinta. Daga gabas kuwa ƙasar ta fi kwanciya, ana noman hatsi, kuma kwal da tama suna kwance a cikinta. Mutumin tudu yana da ulu da fata da darma amma yana bukatar hatsi, mutumin kwari kuma yana da hatsi amma yana bukatar abin da na tudu ya kawo, sai ga gari a tsakaninsu a bakin tsohuwar hanya. Fatake sun daɗe suna ɗora darma a kan dawaki su bi ta nan zuwa Bawtry, inda ake zuba ta a jiragen ruwa zuwa tashar Hull.

Har yanzu kasuwar tana ci a filinta na tsakiyar gari ranakun Litinin da Juma'a da Asabar, ranar Alhamis kuma ta 'yan gwanjo ce, kuma tana cikin manyan kasuwannin fili na ƙasar. A gefenta akwai ginin kasuwa mai rufi da aka buɗe a 1857, da wasu ƙunƙuntun lunguna waɗanda a da can layin mahauta ne.

TAMBAYA: Ɗalibaina sun yi ta gardama a kan hoton hasumiyar. Wasu sun ce da gangan aka gina ta haka, wasu sun ce girgizar ƙasa ce ta lanƙwasa ta. Wanne ne gaskiya? (Daga wata malamar makaranta a Maradi)

AMSA: Malama, ki shaida wa ɗaliban cewa duka ɓangarorin biyu sun yi kusa amma ba su dace ba. Hasumiyar ta majami'ar St Mary and All Saints ce, an ɗora ta wajen shekarar 1362, tsayinta ƙafa 228 daga ƙasa, ta murɗe da digiri 45, kuma ƙololuwarta ta kauce daga tsakiya da kusan mita 3. Ƙashin ginin na katako ne, aka lulluɓe shi da faranten darma masu nauyin fiye da tan 30. Bayanin da masana gini suka fi karkata gare shi ya haɗa abubuwa da dama: an yi aiki da ɗanyen katako, wanda ke murɗewa yayin da yake bushewa, ba a sa isassun sandunan gicciye da za su riƙe ginin daga ciki ba, sannan rana ta fi dukan ɓangaren kudu, darmar wajen tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi fiye da ta ɓangaren arewa, shekara da shekaru, har ginin ya bi ta. Wasu masu tarihi suna ƙara da cewa annobar da ta auka wa Ingila a 1348 da 1349, wadda ta hallaka aƙalla kashi ɗaya bisa uku na jama'a, ta tafi da gwanayen kafintoci, aikin ya faɗa hannun waɗanda ba su gama ƙwarewa ba.

Mutanen garin suna da nasu tatsuniyoyin. A ɗaya daga cikinsu an ce Shaiɗan ne ya sauka a kan hasumiyar ya naɗe ta da wutsiyarsa, da hayaƙin turare ya sa shi atishawa sai ya fizge ta. Ba sa jin kunyar wannan aibi ko kaɗan, domin hoton hasumiyar yana kan tambarin hukumar garin, kuma daga gare ta ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin ta samo laƙabinta.

TAMBAYA: Da me mutanen wannan gari suke rayuwa? Ban yi tsammanin kasuwar mako za ta iya ciyar da mutum dubu ɗari ba. (Daga wani ɗan kasuwa a Kano)

AMSA: Alhaji, hasashenka daidai ne. Kasuwa ce ta kafa garin, amma kwal da ƙarfe ne suka cika shi da jama'a, kuma hakan bai yiwu ba sai da aka samu hanyar fitar da kaya masu nauyi cikin rahusa. Matakin farko shi ne hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, mai tsawon mil 46, daga Chesterfield zuwa kogin Trent a West Stockwith. Injiniya James Brindley ne ya tsara ta, ya rasu a 1772 kafin a kammala, aka buɗe ta a 1777. Ta wannan hanya aka yi jigilar duwatsun Anston da aka sake gina majalisar dokokin Birtaniya da su a Landan, bayan gobarar 1834.

Mataki na biyu, wanda ya fi na farko tasiri, shi ne layin dogo. George Stephenson, wanda ya gina layin Stockton zuwa Darlington a 1825 da na Liverpool zuwa Manchester a 1830, shi ne ya jagoranci layin da ya ratsa Chesterfield daga Derby zuwa Leeds, aka buɗe shi a 1840. Yayin da ake fasa tudun Clay Cross, kudu da garin, domin jirgi ya bi ta ƙarƙashinsa, ma'aikata suka ci karo da kwal da tama masu yawa, shi kuwa Stephenson bai yi wata-wata ba ya kafa kamfanin haƙar su a 1837. Ya tare a gidan Tapton da ke gefen gari, a nan ya rasu a 1848, kuma kabarinsa yana cikin majami'ar Holy Trinity. A shekarunsa na ƙarshe ya duƙufa ga aikin lambu, har ya sa aka ƙera masa bututun gilashi da yake zura kokwamba a ciki domin ta girma a miƙe, abin da ba ya rasa ban dariya ga mutumin da ke kwana yana tashi a garin karkatacciyar hasumiya. Faɗin layin dogo da ya zaɓa, milimita 1,435, shi ne ma'aunin da yawancin ƙasashen duniya suke bi a yau, kuma shi aka yi amfani da shi a layin Abuja zuwa Kaduna.

Daga nan masana'antu suka yi ta tsiro. Akwai ma'aikatar narka ƙarfe da haɗa sinadarai a Staveley, da kamfanin Robinson da ya fara da ƙera ƙananan kwalayen magani a 1839 ya kai ga yin bandeji da audugar asibiti, da kamfanin injiniya na Markham, wanda ya ƙera injinan haƙa da aka yi aiki da su wajen fasa hanyar ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa. Arzikin bai zo a banza ba. A mahaƙar kwal ta Markham, gabas da garin, fashewar da ta auku a 1938 ta kashe mutum 79, sannan a 1973 birkin kejin da ke saukar da ma'aikata cikin rami ya tsinke, mutum 18 suka rasu.

Rugujewar ta zo cikin sauri. A watan Maris na 1984 mahaƙan kwal suka shiga yajin aiki na shekara guda, a ƙarƙashin Arthur Scargill, domin hana gwamnatin Margaret Thatcher rufe mahaƙu, kuma a wannan watan ne Chesterfield ta zaɓi Tony Benn, jigon masu ra'ayin gurguzu a jam'iyyar Leba, ya wakilce ta a majalisa har zuwa 2001. Yajin ya raba kan iyalai da maƙwabta a wannan yanki, musamman da yake yawancin mahaƙan lardin Nottinghamshire da ke kusa sun ci gaba da aiki. Ma'aikatan ba su yi nasara ba. Kafin tsakiyar shekarun 1990 babu sauran mahaƙa mai zurfi ko ɗaya da ke aiki a Derbyshire, kamfanin injiniya na Markham ya rufe a 1998, wasu masana'antun kuma suka bi sahu.

A yau mafi yawan ma'aikatan garin suna ɓangaren hidima ne: babban asibitin da ke Calow, makarantu, ofisoshin hukuma, shaguna, da ofisoshin lissafin kuɗi na gidan waya waɗanda aka dawo da su daga Landan tun shekarun 1960. A filin tsohuwar mahaƙar Markham an gina rukunin ɗakunan ajiya da ƙananan masana'antu a bakin babban titin M1, inda aka jera mutum-mutumi 106 na ƙarfe domin tunawa da waɗanda suka mutu a manyan haɗurra uku na ramin. Mutane da yawa suna kwana a Chesterfield su tafi aiki Sheffield, jirgin ƙasa kuma yana kai mutum Landan cikin kimanin sa'o'i biyu. Akwai kuma kuɗin baƙi, domin gandun shaƙatawa na yankin Peak, wanda shi ne na farko da aka keɓe a Birtaniya a 1951, yana farawa daga bayan garin, haka ma fadar Chatsworth ba ta da nisa. A ganina aikin ɗakin ajiya bai maye gurbin abin da aka rasa ba, domin mahaƙa tana tafe da albashi mai tsoka da ƙungiya mai ƙarfi da unguwa sukutum da ta dogara da ita.

Kasuwar kanta ta sha da kyar. A shekarun 1970 an yi shirin gina katafaren rukunin shaguna a kan filinta, mazauna garin suka tashi tsaye da ƙorafi da takardun koke har aka sauya shirin, aka gina shagunan a gefe, filin ya tsira. Barazanar da take fuskanta yanzu ita ce manyan kantuna na bayan gari da cinikin intanet. Koguna biyun nan ma suna da nasu sharrin, domin sun yi ambaliya a 2007, suka sake yi a watan Oktoba na 2023, ruwa ya shiga ɗaruruwan gidaje.

TAMBAYA: Shin tabar nan mai suna Chesterfield a garin ake yin ta, kuma ƙungiyar ƙwallonsu ta taɓa yin wani abin a zo a gani? (Daga wani matashi a Kumasi)

AMSA: Samari, tabar ta Amurka ce, kuma ta samo sunanta daga gundumar Chesterfield da ke jihar Virginia. Ƙungiyar ƙwallon kuwa ba ta taɓa hawa babban rukunin gasar Ingila ba, amma a 1997, tana rukuni na uku, ta kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA. Ta ci Middlesbrough biyu da nema a filin Old Trafford kafin a farke, aka tashi uku da uku bayan ƙarin lokaci, sannan aka doke ta da ci uku ba ko ɗaya a wasan da aka sake.