Amsa: Shin karatun sakandare na jinkirta haihuwar 'yan mata?

Hajiya, kin tambaya ko da gaske sakandare ke hana 'ya'yanmu na Zango haihuwa da wuri, ko kuwa dama masu natsuwa ne ke kaiwa can. Tambayar nan ta masana ce, kuma a nan Ghana aka gwada ta.

A 2008, masana tattalin arziki Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer sun zaɓi yara 2,064 da suka ci jarrabawa, suka samu gurbi a sakandare, amma rashin kuɗi ya zaunar da su gida. Aka jefa ƙuri'a, 682 suka samu tallafin karatu. Ƙuri'ar ce jigon aikin, domin ta sa ɓangarorin biyu daidai suke a ƙoƙari da talauci, tallafin kaɗai ya raba su.

Inda irin wannan bincike ke lalacewa shi ne ɓacewar mutane: yarinya ta bar Kumasi ta koma unguwar Nima a Accra, lamba ta mutu. Shi ya sa aka ba kowa wayar hannu, aka bi su shekara da shekaru.

'Yan matan da suka samu tallafin sun fi jinkirta ɗaukar ciki, cikin da ba a shirya masa ba ya ragu. A ganina wannan hujja ce mai ƙarfi, tun kafin gwamnatin Ghana ta mai da karatun sakandare kyauta a 2017.