Tambaya da Amsa: Wasan kwaikwayo da cin zarafi ta waya

TAMBAYA: Ina koyarwa a wata sakandare. Ɗalibai sun buɗe zaure a WhatsApp, suka tasa wata yarinya gaba da ba'a har ta daina zuwa makaranta. Mun yi nasiha a asambili, amma kamar an shuka dusa. Na ji ana wani wasan kwaikwayo da 'yan kallo ke shiga ciki. Yaya ake shirya shi?
Wata malama, Gusau

AMSA: Sannu da ƙoƙari, Malama. Salon da kike nufi Augusto Boal na ƙasar Brazil ne ya fito da shi a shekarun 1970, kuma sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana aiki mai kama da wannan a Samaru.

Ki samu ɗalibai biyar ko shida su tsara wasan da bai wuce minti goma ba. Da wadda ake zalunta, da mai zaluncin, da ƙawa mai tura saƙo gaba, da ƙawa mai gani ta yi shiru, da uwa ko uba. Kada a ɗauko ainihin abin da ya faru a makarantarku. A sauya sunaye da aji da nau'in ba'ar, in ba haka ba yara za su gane wadda ake nufi, a ƙara mata ciwo. Tunda saƙon waya ba a ganinsa daga nesa, ki tsayar da ƙarin yara uku a bayan yarinyar su riƙa faɗin saƙonnin da baki, ɗaya bayan ɗaya, har muryoyin su rufe ta.

Wasan ya ƙare ba daɗi, ba a sasanta ba. Sai a maimaita shi, a gaya wa 'yan kallo duk wanda ya ga inda za a iya gyarawa ya ce "Tsaya!", ya fito ya karɓi matsayin yarinyar ko na ƙawar da ta yi shiru, ya gwada dabararsa. Ba a maye gurbin mai zaluncin, kuma a gargaɗe shi kada ya saduda da wuri. Nan ake yawan ɓata wasan: yaro ya fito ya yi wa'azin minti ɗaya, azzalumi ya tuba nan take, a tafa. Jagoran wasa, wato mai shiga tsakanin 'yan wasa da 'yan kallo, sai ya tambayi aji, "Haka take faruwa a zahiri?" Shi tambaya ce aikinsa, ba ya yanke hukunci.

Mun fi so a tsaya sosai a wurin da yarinyar ke gaya wa mahaifinta, shi kuma ya ƙwace wayar ya ɗora mata laifi. Tsoron wannan ne ke sa yara ɓoyewa, don haka a bar mutum uku ko huɗu su gwada yadda za a faɗa. A cikin wasan kuma a nuna ɗaukar hoton saƙo kafin a goge, da toshe lamba, da kai ƙorafi a manhajar.

'Yan kallo kada su wuce talatin, kuma kada shugaban makaranta ya zauna a gaba, don bakin yara zai mutu. A fara da mata daban, maza daban. Minti arba'in ya isa. Kafin a tashi, ki ambaci malama ɗaya da malami ɗaya da za a iya samu a keɓe, domin akan samu yaron da wasan ya taɓa masa nasa mikin.