Tambaya da Amsa: Ramsay na Ingila da na Amurka, wanne ne na gaskiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena yana koyon girki a kicin ɗin wani otal, kullum ya dawo gida ransa a ɓace. Ogansu ba ya magana sai da ashar, har faranti yake jifa, wai haka Gordon Ramsay, kukun nan ɗan Birtaniya, yake yi kuma da haka ya shahara. Na nemo shirye-shiryen mutumin na kalla. A na Ingila na ga mutum mai sauraro, a na Amurka kuwa kamar zai ci mutane ɗanye. Wanne ne halinsa? Kuma dole ne yaron nan ya sha zagi kafin ya ƙware? Daga wata baiwar Allah a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Idonki bai yaudare ki ba. Mutumin ɗaya ne, masu tace hoton ne suka bambanta.

Shirinsa na Kitchen Nightmares, inda yake zuwa gyara gidajen abincin da ke neman durƙushewa, ya fara a tashar Channel 4 ta Birtaniya a 2004. A can Ramsay ne da kansa yake ba da labarin da muryarsa, kyamara tana daɗewa a kansa yana duba firji, yana rage jerin abincin da ya yi wa kuku yawa, yana lissafin riba da faɗuwa da mai gidan. Da tashar Fox ta ɗauki shirin zuwa Amurka a 2007, sai aka kawo wani mai sharhi daban, aka cika kiɗan tayar da hankali, aka riƙa zaɓo gidajen abincin da iyali ke rigima a cikinsu. Tallace-tallace sun fi katse shiri a Amurka, don haka kafin kowane hutu ana bukatar ihun da zai hana mai kallo sauya tasha. Kwanaki ake yi ana ɗauka, a tace a fitar da abin da bai kai awa ɗaya ba. Kin ga duk tsawar da ya yi za ta shiga, nasihar da ya yi a natse kuwa a watsar. Hatta ashar ɗin, a Ingila bayan ƙarfe 9 na dare ana barinsa ya wuce yadda aka faɗe shi, a Amurka ana toshe shi da ƙara, wadda ke sa kunne ya ji kamar ya fi yawa. Ki duba MasterChef Junior, gasar girki ta yara da Fox ta fara a 2013, ki ga mutumin nan yana durƙusawa yana lallashin yaro mai kuka.

Ba waliyyi nake mayar da shi ba. Shirin Boiling Point na 1999 ya nuna zafin ransa na gaske a kicin ɗinsa na Landan, kuma a hannun babban kuku Marco Pierre White ya yi horo, wanda shi ma ya yi suna wajen faɗa.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar ogan ƙanenki, domin kusan kullum sai na ji irinta daga bakin masu koyon sana'ar nan. Mutum ya kalli guntun bidiyo na daƙiƙa 30 a waya, ya sayi farar riga da doguwar hula, shi ke nan ya zama Ramsay. Bidiyon da aka fi yaɗawa ma, wanda ya dafe kunnuwan wata mata da yankan burodi biyu, wasan barkwanci ne da aka shirya a shirin James Corden a 2015, matar kuma ma'aikaciyar talabijin ce. Da shi wasu ke kafa hujja! Gidan abincin Ramsay da ke unguwar Chelsea a Landan ya samu taurari uku na Michelin, wato matakin yabo mafi girma a littafin da ke tantance gidajen abinci, a 2001, kuma masu binciken Michelin a ɓoye suke zuwa, su zauna su ci su biya. Abin da ke cikin faranti suke aunawa: ingancin kayan, iya dahuwa, da ko gobe za a same shi kamar na yau. Ba sa jin wa aka zaga a kicin.

Haɗarin kuma ya wuce ɓacin rai. Yaron da ke tsoron ogansa ba zai faɗa ba idan wuta ta ɗauke cikin dare kaji suka kwana a firji mai ɗumi. Zai wanke su, ya zuba yaji ya soya, baƙi su ci su kwana a asibiti. Idan ya yanke yatsa zai naɗe da tsumma ya ci gaba da yanka albasa. Hannun da ke rawa kusa da tafasasshen mai, ƙuna ce ke jiransa. Masu otal suna ji suna gani suna shiru, wai horo ne. Ku ji tsoron Allah, 'ya'yan mutane amana ce a hannunku.

Ki tambayi ƙanenki abu ɗaya: bayan faɗan, ana nuna masa yadda zai gyara? Idan ana nunawa, a samu babba ya yi wa ogan magana a kan ashar da jifa. Idan zagin ne kawai, ya fara neman wani kicin tun yanzu, kuma kada ya bar wannan sai ya karɓi takardar shaidar watannin da ya yi.