Kwamfutata Ta Kamu, Wane Riga-kafi Zan Saka?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a wuri ɗaya suka taru: bairos, da manhajar da ake sakawa don tare shi. Na zaɓi biyar daga ciki. Waɗanda ban kawo nasu ba, su duba da kyau, amsarsu na cikin waɗannan.

Assalamu alaikum Malam. Na sayi sabuwar laftof mai Windows 11, ta zo da wata manhajar riga-kafi ta gwaji. Yanzu wa'adinta ya ƙare, kullum sai ta turo min saƙo wai in biya. In biya ne, ko akwai ta kyauta mai kyau? Wani abokina ma cewa ya yi in saka biyu ko uku don tsaron ya yi ƙarfi.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari mu fara da shawarar abokinka: kada ka ɗauka. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Kowace manhajar riga-kafi tana so ta zama ita ce ke fara taɓa duk fayil ɗin da ka buɗe, to idan suka zama biyu sai su riƙa rige-rige, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokacin ma ɗaya ta kama ɗaya a matsayin cuta.

Batun biya kuwa, ba dole ba ne. Cire waccan ta gwajin gaba ɗaya, ka sake kunna kwamfutar. Akwai mai gadi da Windows ta zo da shi, sunansa Microsoft Defender, wanda ke ja da baya idan an saka wani, ya kuma dawo bakin aiki da zarar an cire. Na san akwai masu raina shi, kuma da can suna da hujja. Lokacin da ya fito a 2006 manhajojin leƙen asiri kawai yake kamawa, sai a Windows 8, a 2012, ya zama cikakken riga-kafi, kuma ya yi shekaru yana baya a gwaje-gwaje. Amma wannan tsohon labari ne. Akwai cibiyoyi biyu masu zaman kansu da aikinsu ke nan, gwada waɗannan manhajoji: AV-TEST da ke Jamus, da AV-Comparatives da ke Ostiriya. Sakamakonsu a buɗe yake ga kowa, kuma a 'yan shekarun nan Defender na tafiya kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saya. Can nake tura duk wanda ya tambaye ni wacce ta fi, ba wurin masu talla ba.

To me mai biya yake samu? Galibi ƙarin kaya ne: ma'ajiyar kalmomin sirri, hanyar sa ido a kan abin da yara ke kallo, lasisi ɗaya na na'urori da yawa, da wanda zai amsa maka idan ka shiga matsala. Mai ofis da ke da kwamfutoci goma yana da dalilin biya, kuma Bitdefender ko ESET ko Norton duk sanannu ne. Amma mai laftof ɗaya da yake rubutu da karatu da kallo, ni dai ban ga abin da zai sa ya wahalar da aljihunsa ba.

Su ma na kyautan a riƙa tambayar da me suke cin abinci. A 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin riga-kafi na Avast ya biya dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke shiga, ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Kaspersky kuma, wanda ke samun maki mai kyau a gwaji, a shekarar ce gwamnatin Amurka ta haramta sayar da shi a ƙasarta saboda alaƙarsa da Rasha, zargin da kamfanin ya musanta. Manhajar riga-kafi tana ganin komai da ke cikin kwamfutarka, don haka zaɓenta batun amana ne kafin ya zama batun ƙarfi.

Malam barka da aiki. Na saka filash ɗina a kwamfutar wani don in buga takarda, da na dawo sai na ga duk foldodina sun koma masu 'yar kibiya a jiki. Aikin karatuna duk yana ciki. Ya tafi ke nan?

Kwantar da hankalinki Malama, bai tafi ba. Wannan tsohon ɗan iska ne, ba ya goge komai, ɓoyewa yake yi. Yana ɓoye foldodinki na gaskiya, ya ajiye na bogi masu irin sunansu. Duk wanda ya danna na bogin, shi ya kunna cutar da hannunsa. Saboda haka abu na farko, kada ki danna ko ɗaya.

Ki sa Defender ya binciki filash ɗin. Bayan nan ki duba harafin da kwamfuta ta ba shi, mu ce E ne. Ki buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ki rubuta wannan daidai yadda yake:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Idan ya gama, foldodin za su bayyana. Wani lokacin za ki same su a cikin wata folda marar suna. Ki kwashe su zuwa wani wuri, ki yi wa filash ɗin fomatin, wato ki goge shi tas. Sai dai idan kin riga kin danna ɗaya daga cikin masu kibiyar a kwamfutarki, ita ma ta kamu, kuma wanke filash kaɗai kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Duk filash ɗin da aka sake sakawa zai ɗauka. Ki bi matakan da na kawo a amsa ta huɗu.

Malam, kullum saƙo na fitowa a gefen allona cewa an gano bairos biyar, in danna nan a goge. Har tambarin wani kamfanin riga-kafi yake ɗauke da shi.

Ƙarya ce. Shafin intanet ba ya iya binciken kwamfutarka. Abin da ya faru shi ne wata rana wani shafi ya nemi izinin turo maka sanarwa, ka danna Allow ba ka lura ba. Shiga saitin burauzarka, ka nemi wurin Notifications, ka cire duk shafin da ba ka sani ba. Idan saƙon ya zo da lambar waya wai ka kira a gyara maka, kada ka kira. 'Yan damfara ne.

Ranka ya daɗe, ina cikin tashin hankali. Na sauke wata manhajar gyaran hoto wadda aka fasa, mai bayanin ya ce sai an kashe riga-kafi kafin a saka, na kashe. Washegari duk hotuna da takarduna sun ƙi buɗewa, an ƙara wasu haruffa a ƙarshen sunayensu, ga kuma wata takarda mai suna _readme.txt ana neman kuɗi. In na saka babban anti-bairos za su dawo?

Allah Ya mayar da alheri. Ba zan ɓoye maka ba, wannan ita ce mafi muni a cikin tambayoyin yau. Garkuwa aka yi da fayilolinka. Daga sunan takardar da kuma hanyar da ya shigo, ya yi kama da wanda ake kira STOP ko Djvu, wanda ya yi suna wajen bin manhajojin sata. Riga-kafi zai iya fitar da ɓarawon, amma ba zai buɗe abin da aka riga aka kulle ba, domin makullin yana hannunsu.

Ka fara da raba kwamfutar da intanet, ka zare duk wani filash ko hadis (hard disk) da ke jikinta. Ka shiga Windows Security, ka buɗe Virus & threat protection, sannan Scan options, ka zaɓi binciken nan mai suna Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, ta yi bincike kafin Windows ta gama farkawa, lokacin da cutar ba ta da damar ɓuya. Bayan haka ka ƙara da riga-kafin Malwarebytes na kyauta don ya zama ido na biyu. Wannan bai saɓa wa abin da na faɗa a sama ba, shi na kyautan sai ka kira shi yake aiki, ba ya zaman gadi.

Ga abin da mutane suka fi mantawa: irin wannan cuta ba kasafai take zuwa ita kaɗai ba. Sau da yawa tana tafe da wata mai kwashe kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza. Ɗauki wayarka, ba kwamfutar da ta kamu ba, ka canza na imel tukuna, domin da shi ake ƙwace sauran, sai na banki da na Facebook da makamantansu. Ka fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, ka kunna tantancewa mai mataki biyu.

Fayilolin kuwa, kada ka goge su. Kwashe su a wani hadis ka ajiye. Akwai shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan da Europol (hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai) da kamfanonin Kaspersky da McAfee suka kafa a 2016, inda ake tara makullan da aka samo a raba kyauta. Kamfanin Emsisoft ma yana da manhajar buɗe wasu nau'o'in Djvu, amma ba kowanne take iyawa ba. Ka gwada, kada dai ka sa rai da yawa. Biyan kuɗin fansa ban ba ka shawara ba, babu wanda zai tilasta wa ɓarawo ya cika alkawari. Ka kuma yi hattara da masu cewa za su buɗe maka idan ka tura musu wani abu, kashi na biyu ne na damfarar.

In da ni ne, bayan duk wannan sai na goge kwamfutar na saka sabuwar Windows. Injin da ɓarawo ya kwana a ciki ban ƙara yarda da shi.

Ba don in ƙara maka zafi ba, amma dubi yadda abin ya faru. Mai gadin yana nan, yana aikinsa, kai ka sallame shi saboda baƙon ya ce ba zai shigo ba sai an kore shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai GIMP don hoto, akwai LibreOffice don rubutu, duk halal ne kuma kyauta. Fayil ɗin da kake shakka kuma, ɗora shi a shafin VirusTotal, manhajojin riga-kafi da dama su duba shi a lokaci ɗaya. Kada dai ka ɗora takardun sirri a can, don masu bincike na iya ganinsu.

Malam, ni Windows 7 nake amfani da ita, kuma na kashe sabuntawa a ɗaya kwamfutar tawa mai Windows 10 saboda cin data. Amma ina da riga-kafi mai ƙarfi. Ai ya wadatar ko?

Bai wadatar ba Alhaji. Microsoft ta daina toshe ɓarakar Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Tuna abin da ya faru a watan Mayun 2017, lokacin da wani bairos mai suna WannaCry ya bazu a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Birtaniya suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Ba ya buƙatar kowa ya danna komai, ta wata ɓaraka a Windows yake shiga. Ɓarakar nan kuwa Microsoft ta fitar da gyaranta tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda suka saka gyaran, ƙofar a rufe ya same ta.

Idan data ce matsalar, akwai saitin Metered connection da zai rage saukewa, sai ka riƙa ba ta dama ko sau ɗaya a wata. Microsoft na fitar da gyare-gyarenta ne a Talata ta biyu ta kowane wata, sai ka auna da wannan. Ita kuwa mai Windows 7, ko dai ka saka mata Linux Mint a madadin Windows, wadda ke tafiya lafiya a tsofaffin injina, ko ka cire ta daga intanet ka bar ta da aikin rubutu da buga takardu.